Tambaya da Amsa: Gwanjon Mitar Intanet a Abuja

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kan shirya wa kamfanonin waya don raba mitocin intanet mai sauri. Mun zaɓi bakwai, mun rage wa masu tsawo, injiniyoyin da ke kula da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo an ce wani kamfani ya biya dala miliyan 200 da ɗoriya wai ya sayi mita. Ni dai ban ga fili ba, ban ga gini ba. Shin iska gwamnati ta koma sayarwa? Daga mai sayar da kayan gini, kasuwar Dei-Dei.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Izini ake sayarwa, ba iska ba. Duk na'urar da ke aika murya ko hoto ba ta cikin waya ba, a kan igiyar rediyo take aikawa, kuma kowace igiya da yawan kaɗawar da take yi a daƙiƙa ɗaya, wannan yawan kaɗawa shi ake kira mita. Kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne megahaz ɗaya. Tashoshin FM da kake kamawa a mota suna tsakanin megahaz 88 da 108. Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a kan 900 da 1800, 3G ta zo a kan 2100, 5G kuwa tana wajen 3500.

In na'urori biyu masu ƙarfi suka yi magana a mita ɗaya a gari ɗaya, babu wadda za a ji. Shi ya sa dole a samu mai rabawa. A duniya, Hukumar Sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, da ke Janeba ita ke tsara wane zango za a yi wane aiki da shi. A gida akwai majalisar kula da mitoci ta ƙasa, wadda ministan sadarwa ke shugabanta. Ita ke yanka manyan kaso, ta ba NBC na rediyo da talabijin, ta ba NCC na waya da intanet, sannan NCC ta raba wa kamfanoni.

Takardar da kamfani ke karɓa tana faɗin daga ina zuwa ina mitarsa take, a wane yanki na ƙasa, har shekara nawa, da sharuɗɗan aiki. Ta MTN ta 5G, misali, daga 3500 ce zuwa 3600, faɗin megahaz 100 ke nan, a duk faɗin Najeriya, na shekara 10. Tunda kai ɗan Abuja ne, ka ɗauke ta kamar takardar fuloti: ƙasar ba taka ba ce, an ba ka wa'adi, an kuma ce ka gina, ba ka zagaye da katanga ka tafi ba. Faɗin nan shi ne kuɗin. Turken sabis da ke aiki da megahaz 100 yana ɗaukar data kusan ninki biyar na wanda ke da 20, in sauran kayan iri ɗaya ne.

Tambaya: Malamai, ina karatun tattalin arziki, kuma ina son na rubuta aikina na ƙarshe a kan wannan gwanjo. Yaya ake gudanar da shi daga farko zuwa ƙarshe? Daga wani ɗalibi, Gwagwalada.

Amsa: Allah ya ba da sa'a. Ka ɗauki gwanjon 13 ga Disamba 2021 da aka yi a otal ɗin Transcorp Hilton a matsayin abin nazari, domin kowane mataki ya fito fili a cikinsa.

Aikin yana farawa tun kafin a yi maganar kuɗi. Sai an tabbatar zangon da za a sayar babu kowa a ciki. Wani ɓangare na zangon 3500 tauraron ɗan'adam na NigComSat ke amfani da shi, don haka sai da NCC da NigComSat suka sa hannu a yarjejeniya a watan Mayun 2021 cewa masu amfani da tauraron za su matsa sama. Wannan mataki shi ne mafi cin lokaci, kuma shi aka fi rainawa. Siginar tauraro tana isowa ƙasa a raunane ƙwarai. Turken 5G guda da ke kusa da faranti zai iya kashe hoton gaba ɗaya.

Daga nan hukuma ta fitar da daftarin kundin sharuɗɗa, ta kira kamfanoni da masana su yi suka, ta gyara, ta fitar da na ƙarshe. Wannan kundi ka fi buƙatar karantawa, don a cikinsa ake yanke abubuwan da ke ƙaddara sakamakon tun kafin a zauna. A 2021 an ce kaso biyu za a sayar, kowanne megahaz 100. Ba wanda zai ɗauki fiye da ɗaya. Farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba dala miliyan 197.4. Duk mai so ya ajiye kashi 10 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami, wato dala miliyan 19.74. Wanda ya fafata bisa ƙa'ida ya sha kaye, a mayar masa da ajiyarsa; wanda ya ci ya kasa biya, ta tafi. Kamfanin da ba shi da lasisin gudanar da harkar waya sai ya nemi wannan ma daban, domin mita kaɗai ba ta ba ka damar sayar wa jama'a sabis.

Uku suka cika sharaɗi: MTN, Airtel da Mafab. Kwana uku kafin ranar aka yi gwanjon gwaji, don kowa ya san manhajar da za a yi taya a kanta, kada wani ya danna abin da bai nufa ba a ranar da kuskure ke cin miliyoyi.

Gwanjon kansa ba irin na kasuwa ba ne da kowa ke ɗaga murya ya faɗi tayinsa. Mai gwanjo ne ke faɗin farashi a kowane zagaye, kowane kamfani yana ɗakinsa, ba ya magana da saura, amsarsa kawai ko yana ciki a wannan farashi ko ya fita. Muddin masu so sun fi kason da ke ƙasa yawa, sai a ƙara farashi a sake zagaye. Wanda ya fita ba ya dawowa. Wannan doka tana da muhimmanci: in babu ita, kowa zai laɓe ya bar wasu su nuna hannunsu, ya faɗo a ƙarshe. Mai fita kuma yana da damar ya rubuta iyakar abin da zai iya biya, tsakanin farashin zagayen da ya wuce da na yanzu. An yi zagaye 11. Airtel ya tsaya a dala miliyan 270, farashi ya zauna a 273.6, MTN da Mafab suka ci.

Saura mataki ɗaya da ɗalibai kan manta. Cin gwanjo ya ba ka megahaz 100, amma bai ce wanne ba. Akwai 3500 zuwa 3600, akwai 3700 zuwa 3800. Sai kowanne ya rubuta a rufe abin da zai ƙara don a ba shi zaɓi. MTN ya rubuta dala miliyan 15.9, Mafab 11.12. MTN ya ɗauki na ƙasa ya biya ƙarin, Mafab ya samu ɗayan ba ƙari. Abin da kan sa kamfani ya biya don zaɓi shi ne nisa daga maƙwabci mai kawo katsalandan, da kusanci da mitar da yake fatan samu gaba, domin megahaz 100 a jere sun fi amfani a kan 50 nan 50 can. An ba su zuwa 24 ga Fabrairu 2022 su biya, duka biyun suka biya.

Don ɓangaren nazariyya, ka nemi aikin Ronald Coase na 1959, wanda ya kawo hujjar a sayar da mita maimakon a raba ta da alfarma, da na Paul Milgrom da Robert Wilson da suka samu kyautar Nobel a 2020 saboda tsara irin waɗannan gwanjo. Amurka ta fara nata a 1994.

Tambaya: Ni tambayata, waɗannan maƙudan kuɗi da suke biya, ba mu ne ke biyansu ta hanyar tsadar data ba? Kuma ina kuɗin ke tafiya? Daga wata mai sayar da atamfa, kasuwar Wuse.

Amsa: Hajiya, bari mu fara da ta biyun don ta fi sauƙi. Dokar sadarwa ta 2003 ta ce kuɗin sayar da mita ba na NCC ba ne, asusun gwamnatin tarayya ake zuba su. Gwanjon 2021 kaɗai ya kawo dala miliyan 563.1. Daga nan sun shiga kasafin kuɗi kamar kowane kuɗin shiga, ba a ware su don gina turaku ba.

Ta farkon kuwa, amsarta e da a'a. Yi lissafi da mu. Dala miliyan 273.6 a shekara 10, miliyan 27 da 'yan kai ke nan a shekara. Kamfanin da ke da layi miliyan 50, in ya raba a kan masu hulɗa da shi, kowane layi bai kai dala ɗaya ba a shekara, wajen rabinta ne. Wannan ba shi ke sa datar wata ta ƙare miki a mako biyu ba. Abin da ke cin kuɗin kamfanonin kullum shi ne man dizal na janareto a dubban turaku, kayan aikin da duk da dala ake sayo su, hayar turaku, gyaran wayar fayiba da masu aikin titi ke tsinkewa, da harajin da ke zuwa daga matakan gwamnati daban-daban. Da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, tsadar gudanar da aiki aka kafa hujja da ita.

Amma kada a ce tsadar mita ba ta taɓa ki ko kaɗan. Tana taɓa ki ta bayan gida. Kuɗin lasisi a dunƙule ake biyansa, tun ba a kafa turke ko ɗaya ba, sau da yawa da bashin banki. Abin da ya tafi can bai tafi wajen ja fayiba zuwa Kuje ko Bwari ba. Turawa sun ɗanɗana wannan. A 2000 Birtaniya ta tara fam biliyan 22.5 a gwanjon 3G, Jamus ta tara wajen yuro biliyan 50, aka yi ta murna. Kamfanonin suka fito da bashi har wuya, aikin ya yi jinkiri na shekaru, biyu daga cikin shida da suka ci a Jamus ma ba su kai ga buɗe sabis na 3G ba. A ganinmu, duk ranar da kika ji ana yabon gwanjo saboda yawan kuɗin da ya kawo kawai, rabin labari aka ba ki.

Tambaya: Wayata tana nuna 5G in na shigo aiki Maitama. Da na wuce Gwagwalada ta koma 4G, a garinmu kuwa wani lokaci sai na hau tudu. To ba duk ƙasa suka saya ba? Daga wani direba, Abaji.

Amsa: Duk ƙasa suka saya, Malam, amma lasisi izini ne na kafa turke, ba turken ba ne. Kuma mitar da aka sayar don 5G ba mai tafiya nesa ba ce.

Ƙa'idar ita ce, iya hawan mita iya gajartar tafiyarta. Igiyar 700 tsawonta wajen santimita 43 ne, ta 3500 bai kai santimita 9 ba. Doguwar tana lanƙwasawa ta bi gefen tudu, ta ratsa bangon bulo da ganyen itatuwa. Gajerar bango biyu sun ishe ta, gilashin zamani mai duhu ma yana rage ta. Ko a fili fetal, da eriya iri ɗaya da tazara ɗaya, ƙarfin da waya ke kamawa a 3500 ya gaza na 700 sau 25. Eriyoyin 5G suna rage wannan gibi ta hanyar tattara sigina su nufi wayar da ke magana, amma ba sa shafe shi. Sakamakon shi ne, yankin da turke ɗaya na ƙananan mita zai rufe, na 3500 sai an kafa da yawa. A Wuse da Garki, inda dubban mutane ke cikin murabba'in kilomita ɗaya, lissafin yana fita. A hanyar Abaji ba ya fita.

To me ya sa ba a yi komai a ƙasa ba? Saboda can babu wuri. Duk abin da ke ƙasa da 1000 cunkushe yake da rediyo, talabijin, jiragen sama da jami'an tsaro. Kamfani in ya samu megahaz 10 na aikawa da 10 na karɓa ya gode Allah. Faɗin 100 a jere sai a sama. Don haka kamfani mai hankali yana haɗa biyun: ƙasa don isa ko'ina, sama don ɗaukar cunkoso.

Abin da ya shafi garinku kai tsaye shi ne zangon 700 da 800. Talabijin na da ne ke zaune a wannan wuri. Komawa talabijin na dijital, wanda aka ƙaddamar da gwajinsa a Jos a Afrilun 2016, aka biyo da Abuja a Disambar shekarar, babbar manufarsa ke nan: tashoshi da yawa su matsu a ƙaramin wuri, a saki sauran don intanet. Jan ƙafar da wannan aiki ya yi a sauran jihohi ya jinkirta intanet na karkara fiye da yadda mutane ke zato.

Sai kuma abin da ke bayan turken. Turken 5G da ba a kai masa fayiba ba, aka bar shi da ƙaramar eriyar da ke haɗa shi da turke na gaba, zai nuna maka 5G a fuskar waya amma gudun ba zai wuce na 4G ba. Ja fayiba kuma yana buƙatar izinin haƙa gefen titi. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita ɗaya ta tsawon hanya, wasu jihohi sun bi, wasu sun yafe gaba ɗaya, wasu suna karɓar ninkin-ba-ninkin. Sharuɗɗan lasisin 2021 sun wajabta a kai sabis kowace shiyya cikin shida a shekarun farko, amma taɓa jiha daban, rufe ƙauyukanta daban. Wuraren da kasuwa ba za ta kai ba, aikin asusun USPF ne, wato asusun kai sadarwa ga kowa da ke ƙarƙashin NCC, kuma can ya kamata shugabannin yankinku su kai kuka.

Tambaya: Ana cewa gwanjo ya fi kowace hanya gaskiya. Shin ba ya lalacewa? Daga wata lauya, Garki.

Amsa: Barista, ya fi rabon alfarma nesa ba kusa ba. Indiya ta raba lasisi a 2008 bisa wanda ya riga zuwa, Kotun Ƙolin ƙasar ta soke 122 daga ciki a 2012. Mu ma kafin 2001 an raba lasisin wayar salula da dama a ofis, layukan waya a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Gwanjon Janairun 2001, a zamanin Ernest Ndukwe, shi ya buɗe ƙofa: an fara daga dala miliyan 100, aka tashi a 285, cikin watan Agusta aka fara kira. Amma yana lalacewa, kuma ta hanyoyin da aka sani.

Ta farko ta faru a wannan gwanjo na 2001. Econet, MTN da CIL suka ci. CIL ya ce mitar da aka ware masa akwai shari'a a kanta da wani kamfani da aka taɓa ba wa, ya nemi tabbaci kafin ya saki kuɗi. Wa'adi ya wuce, aka janye lasisin, ajiyar dala miliyan 20 ta tafi. Mai kamfanin, Mike Adenuga, sai a 2002 ya dawo da Globacom. Ko wa ke da gaskiya, ƙasa ta yi shekara biyu babu mai gasa na uku mai ƙarfi, kuma sai da Glo ya shigo a 2003 aka fara cajin kira da daƙiƙa. Wannan aikinku ne na lauyoyi: a share duk wata shari'a da ke kan mita kafin a kira masu taya.

Ta biyu, farashin farawa ya yi tsada. A 2016 NCC ta fito da kaso 14 a zangon 2600, kowanne dala miliyan 16. MTN kaɗai ya zo, ya ɗauki 6 a kan dala miliyan 96, takwas suka kwana. A Disambar 2022 aka sake fito da kaso biyu na 3500, aka sa farashin farawa daidai inda na 2021 ya tsaya, 273.6. Airtel kaɗai ya biya kafin alƙalami, ba a yi gwanjo ba, aka ba shi ɗaya a farashin farawa, ɗayan ya rage. Mun fahimci dalilin hukuma: in ta sauke, waɗanda suka biya bara za su ce an cuce su. Amma mita ba ta ajiyuwa. Megahaz 100 da suka yi shekara babu mai amfani da su, wannan shekarar ta tafi ke nan, ba a tara ta don baɗi.

Ta uku, haɗa baki ba tare da an yi magana ba. A Jamus a 1999 an fito da kaso 10, doka ta ce kowane sabon tayi ya ɗara na baya da kashi 10 cikin 100. Kamfanin Mannesmann ya taya biyar a kan maki, kuɗin Jamus na lokacin, miliyan 20 kowane megahaz, sauran biyar a kan 18.18. Abokin hamayyarsa T-Mobil ya lissafa: 18.18 in an ƙara kashi 10 ya zama 20. Ya gane saƙon, ya ɗauki biyar ɗin na 18.18 a kan 20, gwanjo ya mutu nan take. A Amurka ma an kama kamfanoni suna sa lambar yanki a ƙarshen adadin tayinsu don gargaɗin abokin hamayya. Shi ya sa yanzu mai gwanjo ke faɗin farashi da kansa, kuma ba a nuna wa masu taya wane ne ya yi me.

Ta huɗu ita ce mai ci ya kasa ginawa. Sabon kamfani yana biyan kuɗin da tsoho ya biya, amma ba shi da turaku, ba shi da fayiba, ba shi da masu hulɗa. MTN ya kunna 5G a 2022 a kan turakun da yake da su, Airtel a Yunin 2023. Mafab, da ya fara daga tushe, ya yi bikin ƙaddamarwa a Janairun 2023. Hukuma tana son sabon jini don gasa, kuma tana da gaskiya, amma in ana son sabo ya rayu sai an haɗa masa da damar hawa turakun wasu da yawo a kan sabis ɗinsu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Maganin riƙe mita ba aiki kuwa yana cikin lasisi: wa'adin gini mai adadi, a auna, wanda ya gaza a karɓe. Rubuta sharaɗin ba wuya, zartar da shi a kan wanda ya biya miliyoyin daloli ne aiki.

Tambaya: Ina so na fara sayar da intanet ta Wi-Fi a rukunin gidajenmu, wajen gida 40. Sai na shiga gwanjo ni ma? Daga wani matashi, Lugbe.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, gwanjo ba naka ba ne. Zangon 2400 da wani ɓangare na 5000, musamman wajen 5800, a buɗe suke ga kowa muddin na'urar ba ta wuce ƙarfin da aka ƙayyade ba kuma irin wadda NCC ta amince da ita ce. Ka lura ba duk zangon 5000 ne kyauta ba a Najeriya; kafin ka sayi eriya a kasuwar Banex, ka duba tsarin hukuma, kuma ka saita ƙasa daidai a cikin na'urar. Sayar wa jama'a intanet kuwa yana buƙatar lasisin mai ba da sabis, wanda daban yake da na mita. Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce ya yi yarjejeniya a rubuce da kamfani mai lasisi ya zama wakilinsa. Sayen layin gida ɗaya ka rarraba wa arba'in ya saɓa wa sharaɗin yawancin kamfanoni, kuma suna ganewa daga yawan datar.

Kyautar tana da farashinta: ba ka da wanda za ka kai wa ƙara in maƙwabci ya kunna tasa a kan tasharka. A 2400 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1, 6 da 11. Ka bar faɗin kowacce a megahaz 20, kada ka buɗe zuwa 40 don neman gudu, ƙara kawai za ka kwaso. Haɗin nesa ka yi shi a 5800 da eriya mai fuskantar wuri ɗaya. Ganin ɗaya turken da ido bai isa ba: a tazarar kilomita 5, sai an samu sarari wajen ƙafa 16 tsakanin layin da kan itace ko rufi a tsakiyar hanya, in ba haka ba sigina za ta riƙa hawa da sauka. Mutane kan gwada da rani, damina ta zo itatuwa su cika ganye haɗin ya lalace.

Gida 40 kada ka fara da ƙasa da megabit 100 na layi wanda ba a raba shi da kowa, kuma ka sa wa kowane gida iyaka a rawuta, in ba haka ba mutum biyu masu sauke fim za su shanye na kowa bayan isha'i. Ka binne sandar tsawa da kyau, ka sa abin kariya a kan kowace wayar da ta sauko daga turke. Hadarin farkon damina a Abuja ya fi ɓarayi cin kayan masu wannan sana'a. Batir da sola su iya riƙe kayan awa 12 aƙalla.

Abu ɗaya da za ka guje shi ne na'urar ƙara ƙarfin sabis na waya da ake sayarwa a ɓoye. Ita a kan mitar da kamfanoni suka biya take aiki, tana mayar da ƙara cikin turke ta lalata kiran unguwa guda, kuma NCC ta sha gargaɗi cewa sa ta ba izini laifi ne.

Tambaya: In shekara goman ta cika fa? Kuma kamfani zai iya sayar wa wani da tasa? Daga wani ma'aikacin banki, Kubwa.

Amsa: Ana sabuntawa da sabon kuɗi, in kamfani ya cika sharuɗɗa. Lasisin 2001 na shekara 15 ne, da ya ƙare ba a mayar da mitocin gwanjo ba, an sabunta wa masu su, domin ƙwace 900 daga kamfanin da miliyoyin mutane ke kai zai kashe musu waya ne kawai.

Sayarwa ma ana yi, da amincewar NCC. A da sai dai a sayi kamfanin ɗungurungum. Alheri Engineering ya samu lasisin 3G a 2007 a kan dala miliyan 150 tare da MTN, Celtel da Globacom, daga baya Etisalat ya saye shi a 2010. MTN ya sayi Visafone a 2016, abin da ake nema a ciki shi ne zangon 800. Daga 2018 hukuma ta fitar da ƙa'idar cinikin mita, wadda ta ba da damar a sayar, a ba da haya ko a yi tarayya a kai ba sai an sayi kamfani ba. Kafin ta sa hannu tana duba ko mai sayarwa ya riƙe mitar na ɗan lokaci kuma ba a bin sa bashi, da ko cinikin zai tara wa kamfani ɗaya abin da zai danne saura, musamman a ƙasa da 1000 inda wurin ya fi ƙaranci.